Me Ya Sa Sassaƙar Ƙaramin Injin CNC Take Fitowa da Gashi da Ƙuna?

Tambaya: Ina da ƙaramin injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, a gida, irin mai tafiya da bel, wanda nake sassaƙa allunan suna da hotuna masu tudu da kwari da shi a kan katakon fayin da filawud. Duk abin da na yanka sai ya fito da gashi-gashi a gefe, wani wuri ya ƙone, ƙasan rami kuma ya yi layi-layi. Na rage gudun tafiya zuwa milimita 500 a minti, na ƙara juyin baki, wato ƙarfen da ke yanka, zuwa 24,000 a minti, bakin kuma mai haƙori biyu ne, amma aikin sai ƙara lalacewa yake yi. Injin ne ba shi da kyau, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Amsa: Malam, gyaran da ka yi shi ne ya ƙara ɓata aikin, kuma kuskure ne da kusan duk wanda ya fara aiki da irin wannan inji yake faɗawa ciki, domin hankali yana ba mutum cewa tafiya sannu ita ke kawo tsafta. A sassaƙar hannu sau da yawa haka ne, amma bakin da ke juyawa sau dubbai a minti yana da tasa ƙa'idar. Kowane haƙori da ya zagayo dole ya tarar da naman katako mai ɗan kauri wanda zai yanke ya jefar, idan kuwa bai samu ba sai yanka ya koma guga. Guga tana haifar da zafi, zafi yana ƙona katako yana kuma dakusar da baki, bakin da ya dakushe kuwa ba ya datse zaren katako, sai dai ya kwantar da shi ko ya tsinke shi. Gashin da kake gani ke nan, kuma shi da ƙunar uwarsu ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya. Ka raba gudun tafiya da adadin juyi a minti, sannan ka sake rabawa da yawan haƙoran baki, abin da ya fito shi ne kaurin ɓarɓashin da kowane haƙori ke ɗauka. A saitinka, milimita 500 a raba da 24,000, a sake rabawa da 2, ya ba da kusan milimita 0.01, wato kashi ɗaya cikin goma na kaurin takardar rubutu. Babu haƙorin da zai yi yanka mai tsafta da wannan, sai dai ya yi ta lasar katako. Ga bakin da faɗinsa ya kai milimita 6 ko rubu'in inci a kan ƙaramin inji, ni nakan fara da neman milimita 0.05 ga kowane haƙori, sannan in ƙara ko in rage gwargwadon abin da injin ya nuna mini. Idan ka sauke juyi zuwa 16,000, to gudun da zai ba ka wannan kauri shi ne milimita 1,600 a minti, fiye da ninki uku na abin da kake yi yanzu. Mutane da yawa suna barin rauta, wato na'urar da ke juya baki, a ƙarshen lambar gudunta saboda suna ganin ƙarfi ke nan, alhali yawancin aikin katako a ƙananan injuna ya fi kyau a ƙasan ma'auninta. Rautar DeWalt DWP611, alal misali, tana farawa ne daga 16,000, ta Makita RT0701C kuma daga 10,000, kuma masu amfani da ta farkon kusan kullum a lamba ɗaya ko biyu ya kamata su tsaya.

Kafin ka amince da kowane lissafi, ka duba abin da ke fitowa daga wurin yanka. Idan ɓarɓashi ne mai jiki, wanda za ka iya ɗauka da yatsu ka ga siffarsa, to baki yana aikinsa, kuma ɓarɓashin ne ke tafiya da zafin. Idan gari ne mai laushi da ke tashi kamar ƙura, to guga ake yi (MDF kaɗai aka ɗauke wa wannan hukunci, tunda shi asalinsa gari ne da aka haɗa da gam). Bayan ka kashe inji kuma baki ya tsaya cik, ka kai yatsa kusa da shi: ɗumi ba laifi ba ne, amma idan ba ya taɓuwa, saitin bai yi ba.

Za ka iya cewa injinka ba zai jure wannan gudu ba, zai fara kyarma ko ya tsallake taki. Wannan gaskiya ne a injuna da yawa, sai dai maganinsa rage zurfin yanka ne, a bar gudu yadda yake. Gara ka ratsa sau huɗu da zurfin milimita 1.5 kana gudu yadda ya kamata, da ka ratsa sau biyu da zurfin milimita 3 kana jan ƙafa. Idan har gudun ya gagara duk da haka, baki mai haƙori ɗaya yana ninka kaurin ɓarɓashi ba tare da ka taɓa komai ba, kuma a ƙananan injuna irin 3018 sau da yawa shi ne mafita.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi komai tasiri bayan wancan, shi ne ka daina ɗora wa yanka ɗaya aiki biyu. Kwashe nama aiki ne daban, gyaran fuska ma aiki ne daban. Lokacin da baki ke cikin nama sosai, ƙarfin da ke tura shi gefe yana lanƙwasa komai: bakin kansa, maɗamkin da ke riƙe shi a cikin rauta, farantin da ke riƙe da rauta, tayoyin da ke bin layin dogo, har da bel ɗin da ke ɗan miƙewa. Wannan gocewa ba ta da yawa, amma tana canzawa duk lokacin da baki ya shiga wuri mai tauri ko ya fita, shi ya sa bangon yanka yake fitowa da matakala, kowane zurfi da nasa layin. Don haka ka umarci manhaja, ko VCarve ce ko Fusion 360 ko Carbide Create, ta bar milimita 0.3 zuwa 0.5 a jikin bango da ƙasan rami a yankan farko. Daga nan sai ka yi yankan ƙarshe a cikakken zurfi sau ɗaya, wanda zai aske wannan ɗan saura. Tunda abin da yake ɗauka kaɗan ne, ƙarfin da ke kansa kaɗan ne, gocewa ta ragu ƙwarai, bango ya fito sumul daga sama har ƙasa. Kada ka bar saura ƙasa da haka sosai, domin idan babu abin yankewa, mun koma guga.

Tsawon bakin da ka bari a waje yana da hannu dumu-dumu a wannan gocewa, fiye da yadda ido ke zato. Idan ka ninka tsawon da ya fito daga maɗamki, lanƙwasa ba ninki biyu take yi ba, ninki takwas take yi, idan kuma ka rage kaurin baki zuwa rabi, tana ƙaruwa ninki goma sha shida. Saboda haka bakin milimita 3 da aka zaro shi waje da nisa tamkar tsinke ne a gaban katako mai tauri. Ka zaɓi baki mafi gajarta kuma mafi kauri da aikin zai yarda da shi, ka tura shi ciki har kusa da inda haƙora suka fara, amma kada haƙoran su shiga maɗamki. Maɗamkin ma ka riƙa cire shi kana share shi, domin ɗan garin da ya maƙale a ciki ya isa ya karkatar da baki har haƙori ɗaya ya riƙa yin aikin biyu.

Gashin gefen sama, musamman a filawud, yawanci laifin irin bakin ne. Bakin da aka fi sayarwa tare da inji shi ne mai murɗin da ke jan ɓarɓashi sama. Yana share rami da kyau, yana barin ƙasa mai tsafta, amma yana ɗaga zaren fuskar katako kamar yadda ake ɗaga ɓawo, ita kuwa fatar saman filawud siririya ce, sai ta tsage. Akwai mai murɗin da ke danna ƙasa, wanda ke barin gefen sama kamar an yanka da reza, kuma shi nake ba da shawara ga allunan suna da ramuka marasa zurfi. Aibinsa shi ne yana cusa ɓarɓashi cikin rami, don haka ba a huda da shi kai tsaye, ba a kuma zurfafa siririn rami da shi ba tare da abin zuƙar ƙura ba, domin garin da ya cushe ya yi zafi yana iya kama wuta. Na uku shi ne mai haɗa biyu, ƙasansa yana ja sama, samansa yana danna ƙasa, wanda ke tsaftace fuska biyu idan ana raba filawud gida biyu. Sharaɗinsa shi ne yankan farko ya zarce tsawon ɓangaren da ke ja sama, in ba haka ba sai ya tsaga fuskar kamar na farkon, kuma wannan zurfi yakan fi ƙarfin ƙananan injuna. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka fara ratsa layin da mai danna ƙasa da zurfin milimita 1 ko 2 domin ya datse fatar, sannan ka ƙarasa da mai jan sama.

Alƙiblar tafiya ma tana da nata rabon. A yankan da manhajoji ke kira kilaim, haƙori yana shiga nama ta wuri mai kauri ya fita ta siriri, don haka ba ya ɓantaro zare yayin fita, amma yana tura baki nesa da bango, kuma a injin da ke da sako-sako yakan fizgi kansa gaba. A ɗaya yankan, wanda suke kira kombenshonal, haƙori yana farawa da siriri ya fita da kauri, tafiyar ta fi natsuwa, amma yakan ja baki cikin bango ya kuma ɗaga zare. An daɗe ana jayayya a kan wanda ya fi, ni kuwa ban ga amfanin jayayyar ba tunda katakon da ke gabanka zai iya raba gardama. Ka yanka siririn rami guda a guntun katakon da za ka yi aiki da shi: bango ɗaya na ramin kilaim ne, ɗayan kuma kishiyarsa. Wanda ya fi santsi, shi za ka zaɓa a yankan ƙarshe. Ka gwada sau biyu, bin zare da ƙetare zare, domin amsar takan bambanta.

Layi-layin ƙasan rami kuwa ba daga gudu yake ba. Idan layukan suna da tazara iri ɗaya kuma farce yana kama su ta gefe ɗaya, rautarka ce ba ta tsaya cak a kan teburin ba, ta ɗan jingina. Karkatar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na digiri ba tana sa gefe ɗaya na bakin milimita 25 ya fi ɗayan zurfi da kusan milimita 0.04, kuma yatsa yana jin haka, fenti ko banish kuma sai ya ƙara tona shi. Ka sa babban bakin share fuska, ka share wani faffaɗan katako ta hagu da dama, sannan wani ta gaba da baya, tudun da ya fito zai nuna maka ɓangaren da ta jingina. Ana gyarawa da sassauta kusoshin mariƙin rauta a daidaita, ko a cusa siririn ƙarfe ko takardar alminiyam a bayansa. Idan kuwa layukan ba su da tsari, ka kashe rauta, ka bar ƙananan motocin lantarki da ke tafiyar da injin a kunne, ka kama ƙasan rautar ka girgiza a hankali. Duk motsin da ka ji, ka bi shi har tushensa: bel da ya saki, taya da ba ta matse dogo ba, ko ƙaramar kusar da ke riƙe da fulin mota, wato gargaren da ke jan bel, ta kwance. Wannan ƙaramar kusa ta ɓata aikin mutane fiye da kowane saiti na manhaja.

A hotuna masu tudu da kwari, inda ake gamawa da baki mai zagayen kai, santsi ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin layi da layi. Tsakanin kowane layi biyu ana barin ɗan tudu, kuma tsayinsa kusan shi ne tazarar a ninka da kanta, a raba da ninki takwas na rabin faɗin baki. Da bakin milimita 6 da tazarar milimita 1.2, wato kashi 20 cikin 100, tudun zai kai milimita 0.06, wanda ake gani sarai. Idan ka mayar da tazarar 0.6, tudun ya sauka zuwa 0.015. Ka lura da ribar: lokaci ya ninka sau biyu, tudu ya ragu sau huɗu. Kashi 8 zuwa 10 cikin 100 shi ne inda na fi tsayawa, domin ƙasa da haka zaren katako ya riga ya ɓoye bambancin, sai dai ka ƙara wa kanka awowi a banza. Ga ƙananan bayanai kamar ido ko ganye, baki mai siririn kai wanda jikinsa ke kauri yana hawa sama ya fi miƙaƙƙen siriri nesa ba kusa ba, saboda dalilin lanƙwasar da na ambata. Ka sani kuma tsakiyar kan irin wannan baki ba ta da gudun yanka ko kaɗan, juyawa kawai take yi a wuri ɗaya, shi ya sa shimfiɗaɗɗun wurare suke fitowa da gashi fiye da gangara. Idan hoton yana da faffaɗan fili a bayansa, ka share filin da baki mai shimfiɗaɗɗen kai. Layukan gamawa kuma su bi tsawon zaren katako idan siffar ta yarda, domin abin da ya rage na tudu yakan ɓace cikin zaren.

Yanzu sai katakon kansa, kuma a nan dole in gaya maka cewa fayin yana cikin mafi wahalar tsaftacewa, duk da laushinsa. Zarensa dogo ne mai lanƙwasa, yana kaucewa baki maimakon ya tsaya a yanke shi, layukan girmansa kuma wani mai tauri ne wani mai taushi, ga ƙaron da ke manne wa haƙora. Katako mai tauri, irin su mapul da ceri da walnat, yana fitowa da tsafta da saiti ɗaya wanda fayin zai yi gashi da shi, ko da yake mapul da ceri suna saurin ƙuna idan baki ya dakata. Mahogani yana sassaƙuwa da kyau, amma irin na Afirka yakan zo da zare mai sarƙewa wanda ke tsagewa ta inda ba a zata ba. Ko wane iri ne, ya kasance busasshe; danshin da ya wuce kashi 12 cikin 100 gashi zai ba ka kome kaifin baki, kuma ƙaramin ma'aunin danshi ya fi ƙiyasin hannu. Na taɓa barin inji yana gama wani hoto na tsawon awa shida, na dawo na tarar rabin ƙarshe ya fi na farko zurfi, da layi a tsakiya kamar an ja da wuƙa. Injin bai yi laifi ba, allon ne ya banƙare bayan an kwashe nama daga fuska ɗaya. Tun daga ranar, idan aikin mai zurfi ne, nakan yi yankan farko, in bar allon a ɗaure ya kwana, in sake ɗaukar sifilin tsawo, wato wurin da inji ke fara auna zurfi, sannan in gama.

Idan fayin ne kaɗai ke hannunka, akwai dabarar da ke rage wahalarsa ƙwarai. Bayan yankan farko, ka shafa shelak mai ruwa-ruwa ko silar samfefa, wato ruwan shafi masu toshe fuskar katako, a kan wurin, ka bar shi ya bushe sarai. Yana shiga cikin zare ya sandarar da shi, sai ya tsaya wa baki maimakon ya kwanta. A rubutun da ake yi da baki mai siffar V, maimaita yankan sau biyu ba tare da canza komai ba yakan share mafi yawan gashin cikin haruffa. Irin wannan rubutu kuma ba ya yafe fuskar da ba ta daidaita ba: da baki mai digiri 90, bambancin tsawo na milimita 0.2 yana canza faɗin layi da milimita 0.4, sai ka ga haruffan gefe ɗaya sun yi ƙiba, na ɗaya gefen sun rame. Ka share fuskar allon a kan injin kafin ka fara rubutu, kuma duk lokacin da ka canza baki ka ɗauki sifili a wuri ɗaya da ba za a sassaƙe ba.

Ɗaurin allo ya kamata ya zama wanda ko ka tura da ƙarfi ba zai motsa ba. Siririn allo da aka matse ta gefuna kawai yakan yi rawa a tsakiya, rawar kuma ta bayyana a fuska. Tef ɗin takarda a ƙasan allo da kan shimfiɗa, da sufa gulu a tsakaninsu, yana riƙe ko'ina daidai. Ka kuma sa baki ya riƙa shiga nama a gangare maimakon ya nutse tsaye, domin nutsewar tsaye ita ke barin tabon ƙuna mai zagaye a inda yanka ya fara. Ƙuna a kusurwa kuwa daga rage gudun da inji ke yi ne kafin ya juya, kuma sauke juyin baki shi ke rage ta.

Duk da wannan, samfefa ba za ta fita daga aikin ba, sai dai ta koma ta mintuna. A wurare masu faɗi ka fara da lamba 180 ka gama da 220, a cikin sassaƙa kuma buroshi mai gashin nailan ko na tagulla mai laushi ya fi takarda, domin takarda tana cinye kaifin gefuna wanda shi ne kyan aikin. Idan fenti ko banish mai ruwa za ka shafa, ka fara goge allon da ɗanyen tsumma, ka bar shi ya bushe, ka aske gashin da ya tashi da 220, in ba haka ba zai tashi a ƙarƙashin shafin farko.

Game da injinka, ban ga abin da ke nuna ba shi da kyau ba. Bakin da ka yi ta gudu da shi a 24,000 da milimita 500 mai yiwuwa ya riga ya dakushe, don haka ka wanke ƙaron da ke jikinsa ka duba shi a haske. Idan gefen haƙori yana ƙyalli kamar zare, ya mutu, kuma duk gwajin da ka yi da shi zai ruɗe ka. Ka sa sabon baki mai danna ƙasa, ka sauke juyi zuwa 16,000, ka kai gudu 1,500, zurfi milimita 1.5, ka bar saura 0.4 domin yankan ƙarshe, ka gwada a guntun fayin ɗin nan. Idan ka ji kyarma, ka rage zurfi zuwa milimita 1 ka bar gudu a inda yake, kuma kowane gwaji abu ɗaya za ka canza, ka rubuta lambobinsa da fensir a jikin guntun.